Babban Yanki Na Baƙo Ne

A wata makarantar bayan garin Tarudant, Malama Zuhur da gurasa take koyar da 'yan aji ɗaya. Kullum mai gasa gurasar unguwar yakan aiko mata da ita da zafinta. Sai ta yanka wata biyu, wata huɗu, ta rubuta "rabi" da "rubu'i" a allo, yara su haɗa baƙi su karanta.

Karatu yana tafiya, lissafi ne ya ƙi. Duk yaron da ta ce ya ɗauki babban yanki, sai ya sunkuyar da kai ya ɗauki ƙarami.

Ranar da Si Bushaib, mai duba makarantu, ya zo, tun daga ƙofa ya yamutsa fuska.

"Malama, aji ne wannan ko gidan biki? In yau ba su bambance rabi da rubu'i ba, gurasa ta bar makarantar nan."

Zuhur ta yanka gurasar. Ta kira Hammu, mafi kaifin kai a ajin, ta ce ya ɗauki babba. Ya ɗauki rubu'i. Ta kira Itto, ita ma haka.

Zuhur ta durƙusa kusa da ita. "'Yata, wanne ya fi girma?"

Itto ta raɗa mata: "Wancan mana, Malama. Amma kakata ta ce mai ɗaukar babba a gaban mutane ba ɗan gidanmu ba ne."

Zuhur ta miƙe a hankali, ta goge allo, ta yi rubutu da manyan baƙaƙe. Yara suka karanta tare, gaɓa bayan gaɓa: "Ku... ba... ba-ƙo... bab-ba."

Ajin ya tashi gaba ɗaya. Kowane rabi da ke ɗakin ya sauka a cinyar Si Bushaib, ba rubu'i ko ɗaya a ciki.

"To, na gani, na gode," in ji shi.

"Ci mana, Kawu!" in ji Hammu. "Ko gurasarmu ce ba ta yi maka ba?"

A al'adar garin, ba a mayar da gurasar da yaro ya miƙa. Si Bushaib ya ci. Ya ƙara ci. Ya sassauta ɗamara, gumi ya keto masa.

"Don Allah, 'ya'yana, ku ba ni ƙaramin."

"Rubu'i?" Itto ta dafe ƙirji. "A ba baƙo rubu'i? So kake a yi da mu a gari?"

"Sun iya, Malama!" ya ce da cikakken baki. "Wallahi sun iya! Ki ce su tsaya!"

Gurasa ta zauna a ajin. Da zai sake zuwa, Si Bushaib ya ɗauki azumi. Yara suka jinjina masa, suka ƙunshe masa rabi-rabin a mayafin Itto, suka raka shi da shi har mota, saboda buɗa-baki.