Gidan da Ba a Yi wa Hayaƙi Ba

"Inna, in mutum ya mutu yana ci gaba da jin yunwa?"

Shanaya ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara biyar, kuma da ƙarfi, a tsakiyar matan da ke zaman makoki ƙarƙashin rumfar tamfol. Na finciko hannunta.

"Ke, rufe min baki."

"To me ya sa aka kai masa abincin duka, mu ba a ba mu ba?"

Babu wadda ta yi dariya, har Goggo Mavis, yayar babana, wadda ba ta barin magana ta wuce ba ta sa mata gishiri ba. Duk muka sunkuyar da kai, don yarinyar ba ƙarya ta yi ba.

Kwana ashirin da uku ke nan da kogi ya haɗiye hanyar mota. Duk damina haka yake yi mana a Marrinbu, sai dai a shekarar ya yi sammako, ya riga motar kaya ta ƙarshe. Kantinmu ɗaya ne, abin da ya rage a ciki sabulun wanki ne da ƙugiyar kamun kifi. Maza suna harbo dinya, mata muna kama kifi, don haka manya muna lallaɓawa. Amma Tyrell ɗana watansa biyar. Nonona ya ƙafe tun zazzaɓin da na yi bayan haihuwarsa, madarar gwangwani yake sha, kuma a safiyar nan na kankare ƙasan gwangwanin ƙarshe da cokali.

Tsohon da muke makokinsa ba zan faɗi sunansa ba, ba ma kiran sunan wanda ya tafi. Gidansa shi ne kore ɗin nan na kan tudu, inda ruwa ba ya kaiwa. Shekara da shekaru, duk lokacin da aka kawo kayan agaji, shi ke tsayawa a ƙofa yana karɓa, har aka rubuta a takardar ofishin agaji cewa a sauke a koren gida. Da ya rasu aka zagaye bangon da jar ƙasa daidai ƙirji, aka share tsakar gidan da reshe don a goge sawunsa, aka ja ƙofa. Ba mai shiga sai an yi wa gidan hayaƙin tsarkakewa, kuma ɗan 'yar'uwarsa ne kaɗai zai yi, Kawu Cyril. Shi kuwa yana birni wajen wankin ƙoda, kogi ya tare shi a can.

Jirgi mai saukar ungulu ya zo muna wajen binnewa. Mutum biyu suka sauko, suka bi abin da takarda ta ce. Suka ga jan layi a bango, ina jin ado suka ɗauka. Suka jera kwali arba'in a cikin ɗakin, suka tashi kafin wani ya iso.

Na hau dutsen da ake samun layin waya, na kira ofishin. Wata mai suna Kirsty ta ɗauka, muryarta da daɗi.

"Ai kayanku sun isa tun jiya, har da madarar jarirai."

"Sun isa gidan da ba ma shiga."

"Makulli ne ya ɓata? Ku ɓalle ƙofar kawai, ba wanda zai yi muku faɗa."

Na yi mata bayani sau biyu. Ta ba ni haƙuri, na kuma yarda har zuciyarta ne. Ta ce jirgin yana can wasu garuruwa huɗu da ruwa ya ci, sai nan da kwana shida.

Da na sauko na tarar da Goggo Mavis tana ɗiga wa Tyrell romon kifi da cokali. Yana tofarwa. Kukansa ya canza, ya zama siriri kamar na ɗan kyanwa.

"Wannan ɗan naki bature ne," in ji ta. "Romon da ya raini ubansa shi yake yi wa yanga."

"Goggo, ba ya fitsari tun safe."

Ta daina wasan. Ta dube ni, ta dubi tudun.

"Delvene, na san abin da ke ranki. Kar ki soma."

"To ki faɗa min abin da zan ba shi."

Ta gyara masa kwanciya a cinyarta, ta juya wa tudun baya. Na gane ba izini ba ne, amma kuma ba za ta riƙe min ƙafa ba.

Rana tsaka na hau, lokacin da inuwar mutum ke ƙarƙashin ƙafarsa. Karnukan tsohon su biyar suna kwance a jere daidai inda sharar ta ƙare, ko ɗaya bai taka ciki ba. Ba su yi min haushi ba. Ƙofar suke kallo. Ƙwarin da ke kuka a itatuwa tun daga ƙasa, ina tsallaka layin sharar sai na daina jin su, kamar an toshe min kunne.

Ƙofar ba ta da nauyi. Ciki da sanyi, alhali kwanon rufin yana ƙuna. Kwalayen suna can ƙuryar ɗaki an jera su har kusa da rufi, duk a liƙe. Guda ɗaya ne ba ya cikinsu. Yana bakin ƙofa, har na kusa tuntuɓe da shi. An ɓare salatif ɗin a hankali, an naɗe shi dunƙule an ajiye a gefe, yadda tsohon yake yi, don shi ko igiyar buhu ba ya yarwa. Gwangwanin madara shida ne a ciki.

A kan tebur kofinsa na ƙarfe yana nan. Ƙarƙashinsa akwai da'irar ruwa da ba ta bushe ba.

Ba a shiga gidan babba a fita ba magana. "Kaka, ni ce, Delvene, 'yar Reggie. Madarar yaro kawai na zo ɗauka. Ba zan taɓa komai ba."

Kujerar robar da ke bayan ƙofa ta yi ƙara, irin wadda take yi in mutum ya gyara zama.

Na rungumi kwalin na fito da baya. Sai a waje na dubi ƙasa. Ga sawuna na shiga, layi ɗaya, da silifa. Kusa da shi akwai wani sawun, ba takalmi, ƙafar hagu yatsa huɗu. Ɓauna ce ta take wa tsohon ɗayan tun yana saurayi, kowa ya sani. Sawun ya tashi daga ƙofa zuwa bakin sharar, wajen da ake hango rumfarmu, ya koma, ya sake zuwa, ya koma. Na ƙirga bakwai na daina.

Goggo Mavis ta tare ni tun kafin in kai rumfa.

"Tsaya nan. Ajiye a ƙasa, ki ja baya."

"Goggo, ba ni Tyrell in haɗa masa madarar."

"Gwangwani ƙarfe ne, zan iya gifta shi a hayaƙi da kaina. Ke ba zan iya ba. Sai Cyril."

Ta hura wuta da ɗanyen ganye, ta gifta gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ta tafasa ruwa. Daga inda nake tsaye na ji yadda Tyrell yake zuƙa, har yana sarƙewa.

Kwana shida na yi a gindin wata bishiya ni kaɗai. Ana turo min kifi a kan ganye da sanda. Shanaya tana tsayawa nesa tana nuna min haƙorinta da ke girgiɗi. Ina jin kukan ɗana a hannun wasu, ina gane na yunwa da na barci, ba halin in tashi. Da jirgin ya dawo, Kirsty ta sa an ɗauko Kawu Cyril a ciki. Ya yi wa gidan hayaƙi, ya yi min, bai ce min komai ba sai "Kin yi abin da kika yi." Aka raba kwalaye talatin da tara.

Tyrell ya rayu, yanzu har gudu yake yi. Amma ranar da aka miƙo min shi bai dubi fuskata ba. Ya dubi bayan kafaɗata ta hagu, sama kaɗan, ya washe baki. Har yau in na ɗauke shi can yake fara duba. Na daina juyawa.

Kai da ke loda kayan agaji a birni, mun gode, kar ka daina. Amma takardar da ke hannunka ta bara ce, mutane kuwa suna mutuwa tsakanin damina da damina. In ka sauka garin da ba naka ba, kar ka ajiye ko kwali ɗaya sai ka nemi tsohuwa ta nuna maka wuri da hannunta. In ka ga jan layi a bango, ja baya. Kai za ka hau jirginka ka tafi, uwar wani ce za ta shiga ɗakin.