Jan Bargon Mama Eufemia

Shekara talatin da ɗaya Mama Eufemia tana hawa dutsen bakin teku da jan bargonta. Aikinta kallon tsuntsaye. Inda suka nuna mata kifi, can take kaɗa bargon, jiragen ƙauye su bi, da yamma kowane jirgi ya cika mata kwando guda. Haka uwarta ta yi kafin ita.

Bana sai surukinta Wilmer ya sayo na'urar gano kifi daga birni, kai ya kumbura. Ya zuga masunta aka tsayar da magana: in Asabar ta wuce bargo bai kawo kifi ba, an daina kwandon mai kallo. Ga shi kwana tara ke nan teku ta hana kowa kifi.

"Mama, ki huta haka nan," in ji Wilmer ran Asabar da safe, yana ɗora taru a jirgi. "Sanyi ya shigo, ki lulluɓa da bargon ya fi miki."

"To, ɗana. Ita na'urar taka me ta ciyar da 'yata jiya? Albasa da lemun tsami?"

Aka yi dariya, amma maganarsa ta soke ta. Kwandon da sauƙi. Abin da ya ci mata rai shi ne a ce idonta ya mutu.

Da hantsi tana kan dutse sai ga tsuntsayen kwasakwasa fal ta arewa, suna faɗawa ruwa, teku har kumfa take. Jirage bakwai, har da na Wilmer, suka karkata can a guje, ba wanda ya ko waiwayi dutse. Eufemia ta ƙanƙance ido ta duba. Duk masu kai mai launin ƙasa ne, 'ya'yan bana. In kaka ta kama iyaye sun yaye su, koyon nutso suke yi, ko ciyawar ruwa suka gani sai sun dira a kanta.

Ta juya tana neman manyan. Can ta hango su, masu farin kai, a jere, ƙasa-ƙasa daf da ruwa, sun miƙa kudu bayan tsibiri ba ko hayaniya. Ta san in ta kuskure yau ta gama hawa dutse. Ta miƙe ta kaɗa bargon kudu har kafaɗarta ta gaji.

Jirgi ɗaya ne ya gani, na ƙanenta Teófilo, wanda tsohon injinsa ya bar shi a baya. Ya juya akala kudu.

Da la'asar jirage bakwai suka dawo da taru cike da ciyawa. Na Teófilo ya shigo yana jan ciki, ruwa ya kusa bakinsa, kifin bonito har gwiwa.

"Yaya, sauko ki gani," Teófilo ya ɗaga murya daga ƙasa. "Sai da na bar rabi a ruwa."

Ba ta sauko ba. Ta zauna a kan bargonta, daɗi ya cika ta har ta ji ƙwalla. Jim kaɗan sai ga Wilmer yana hawowa da haki, kwando cike da kifin Teófilo a kafaɗa. Ya sauke a gabanta, ya cire hula.

"Mama, gobe ina muka nufa?"

Ta zaɓi kifin da ya fi girma, ta miƙa masa ya kai wa 'yarta.

"Gobe in ka fita, ka ɗaga kai ka dubi dutse."