Kifin Auren Tapan

Gobindo Mondal mutum ne mai taurin kai, duk masu tafkunan kifi na gabashin birnin Kalkata a Indiya sun shaida. Ruwan kwatamin birni ne abincin kifinsa, kuma da ido yake auna shi. In ya yi kore, kasuwa ta yi kyau.

A bana akwai wani ƙaton kifi da yake kiwo saboda auren ɗansa Tapan. Gidan ango ne ke aika wa amarya kifi ranar shafa gangamau, an ɗaura masa jan sari, zanen matan can, kamar shi ne amaryar. Gobindo ya rantse ba zai sayo na kasuwa a yi masa dariya ba.

Ita amaryar, Shampa, aikinta ke nan, auna ruwa da amfani da kwamfuta wajen hasashen abin da guba za ta yi wa halittun cikinsa. Kunya ta hana ta tunkarar suruki, sai ta buga wa matarsa Malati waya.

"Baban Tapan, yarinyar nan ta ce ruwan sama na farko zai wanko dattin majema zuwa magudanarmu," in ji Malati. "Iska za ta ƙare a tafki, kifi ya taso ciki sama. A toshe ƙofar ruwa."

"Ikon Allah! Ba ta shigo gidan ba ta fara mulki? Kwamfutar tata ta taɓa jefa taru?"

"To bar ta a buɗe. Ka ga sai mu ɗaura maka sarin mu aika da kai."

Ya toshe, yana ta gunaguni. Malati kuwa ta bi maƙwabta gida-gida, su ma suka toshe.

Da hadari ya sauka, magudana ta yi baƙi ƙirin, wari har bakin titi, kwaɗi birjik a mace. Gobindo ya ruga tafki. Ruwa kore shar, ga ƙaton nan yana watsa jela. Daɗi ya kashe tsoho, ya yi ta rawa a laka.

Ranar biki da kansa ya ɗauki tiren kifin zuwa gidan amarya. Shampa ta fito fuska duk gangamau, ta taɓa ƙafarsa don girmamawa, ta ce a hankali, "Baba, a yanko min hantarsa in gwada ko da guba kafin a dafa."

Mata suka kama baki. Gobindo ya yi dariya har da hawaye.

"Ku ba 'yata wuƙa! Babu mai ci sai ta ce a ci."