Bangon Hajja Iya

Shekarar da Iya ta tafi Makka, ba abin da ya tsaya wa ɗanta Gado a rai sai bango. A ƙauyensu, can bayan garin Hajj Abdalla, in mutum ya sauke farali bangon gidansa ne ke ba da labari. A zana jirgin sama, a zana Ka'aba, a rubuta suna da manyan baƙaƙe, a zagaye da furanni. Wanda ya dawo ya tarar da bangonsa fayau, to kamar kasuwar garin Madani kawai ya je ya dawo. Iya kuwa tun tana budurwa take tsinkar auduga tana cewa wata rana za a zana mata nata jirgin.

Ana haka sai ga Mahadi, ɗan ƙanwar Gado, ya diro daga Khartoum da kwamfuta a jaka. Aikinsa tsara shafukan intanet, sana'ar da ko mahaifiyarsa ba ta iya bayaninta.

"Kawu, bar min bangon nan," in ji shi. "Duniya ta daina cika ido da tarkace. Yanzu minimalizim ake yayi. Duk abin da ba dole ba, a cire shi."

Gado bai gane ba, amma kalmar ta yi masa daɗi a kunne, sai ya ce to.

Jirgi aka fara cirewa. Wai kowa ya san Iya ba iyo ta yi ba. Sai furanni, wai ƙarya ce, ba su da ƙamshi. Da aka zo kan suna Gado ya tayar da jijiyar wuya.

"Kai Mahadi, sunan uwar tawa ma?"

"Kawu, akwai wanda bai san gidan Iya ba a garin nan?"

Babu kam. Haka Gado ya bari aka cire sunan. Abin da ya rage a ƙarshe ɗan baƙin murabba'i ne a tsakiyar farin bango, bai fi tafin hannu ba. Wai Ka'aba ke nan. Akuya ta zo ta lashe shi, aka sake.

Ka ce yaron zai tsaya nan? Ina! Washegari ya tashi da wata sabuwa, burutalizim. Wai bango ya nuna gaskiyarsa, kada a ɓoye komai. Ya kankare shuɗin fentin ƙofa har ƙarfe ya fito tsirara. Ya ɗauki guduma ya fasa shafen gefe guda, tubali ya bayyana. Gado ya dubi abin, ya ji kamar ya yi kuka, amma lokaci ya ƙure. Da safe ya hau mota zuwa garin Wad Haddad tarbar mahajjata, Mahadi ya bi shi don ɗaukar hoto.

To, mutanen ƙauyen nan ba a roƙonsu taimako, gani suke su yi. Almu maƙwabci ya fito ya ga ƙofa a kankare, bango a farfashe, nan take ya gane komai.

"Wayyo Gado! Sabon bango zai yi wa Hajja, kunya ta hana shi kiran nafir."

Nafir shi ne gayya. Kafin rana ta yi tsaka maza sun fito da diga da shebur, mata na dafa shayi, ana waƙa ana rushewa. Aiki suka yi na tsakani da Allah. Ko tubali ɗaya ba su bari a tsaye ba, suka share wurin tas, suka yayyafa ruwa.

Da la'asar mota ta tsaya. Iya ta sauko cikin farin mayafi, riƙe da jarkar zamzam. Daga bakin titi ana hango gadonta, da randarta, da zanen da ta shanya kafin ta tafi.

Mahadi ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. "Kawu, ka ga aiki! Ko a Turai ba a kai nan ba."

Gado ko kallonsa bai yi ba. Uwarsa yake kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta duba dama, ta duba hagu, ta ce a hankali:

"Gado, ina aka sa alamar cewa na tahi?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ɗauki jarkarta ta tsallaka titi zuwa gidan maƙwabcinsu Mato, inda bango ke ɗauke da tsohon zanen jirgin hajjin matarsa, wanda ruwan sama ya cinye wa fiffike ɗaya. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashinsa ta zauna.

Nan jama'a suka yi ta zuwa barka da sauka har magariba. Gado na tsaye inda ƙofarsu take a da, yana kallon uwarsa tana zuba wa baƙi zamzam a ƙananan kofuna, bisa kanta kuma sunan marigayiya matar Mato ne da manyan baƙaƙe.