Jan Allo Mai Lamba Biyar

Shekara goma sha tara ina zama a teburin rubuta maki na ƙungiyar ƙwallon kwandon ƙauyenmu, amma ban taɓa cin farcena kamar ranar Asabar ɗin nan ba. Wasan ƙarshe ne na kakar wasa. In mun ci mu tsaya a rukuni na uku, in an ci mu mu gangara na huɗu, inda ake buga wasa iyaye ma ba sa zuwa kallo. Mijina Ožbej, mai shekara arba'in da ɗaya da gwiwa ɗaya da rabi, ya rantse daga wannan wasan ya ajiye takalmi, kuma ba zai bar ƙungiyar a ƙasa ba.

Saura minti huɗu, muna gaban baƙinmu da maki tara. Na kasa zama sosai a kujera. Sai jiniya ta tashi daga gidan kwana-kwana, wayoyin da ke jakunkuna a bayan benci suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. Rumbun ciyawar tsoho Kokalj ne ya kama da wuta, ga shanu goma sha biyu a jikinsa.

A wajenmu namiji in yana da ƙafa biyu ɗan kwana-kwana ne na sa-kai. Kocinmu Vinko ma shi ne kwamandansu, shi ya fara kaiwa ƙofa. 'Yan wasa biyar cikin bakwai suka bi shi da gajerun wanduna, rabin 'yan kallo suka mara musu baya. Ba wanda ya tsaya neman izini, ni ma da sun tsaya da na ji kunya.

Aka bar Ožbej, wanda gwiwa ta fitar daga aikin kwana-kwana tuntuni, da Tilen, malamin lissafi daga birnin Maribor da bai kai ga shiga aikin ba. Alƙalin wasa ya ce doka ta yarda a ci gaba da mutum biyu, amma in ɗaya ya fita, an ci mu ke nan, komai yawan makinmu.

"Tsoho, laifinka huɗu," na ce da Ožbej. "Na biyar zai fitar da kai. Ka ɗaure hannuwan nan a baya."

"Ke dai rubuta abinki, Zdenka," ya ce yana haki.

Mutum biyu da biyar! Tilen ya yi ta zagaye da ƙwallo kamar kazar da ake bi, Ožbej ya tokare ƙarƙashin kwando. Tara ta koma shida, ta koma huɗu. Ina duban agogo, ina duban taga ko zan ga hayaƙi. Saura daƙiƙa talatin da takwas, muna gaba da biyu, wani dogon yaro ya taso wa kwando. Hannun Ožbej ya fita da kansa. Usur ya yi ƙara.

Alƙali ya nuna mini lambar rigarsa, ya juya abinsa. Bai san laifi na nawa ba ne. Kocin baƙi ma, da hayaniyar ɗazu, lissafi ya kwance masa, yana ta yi wa yaransa tsawa. A duk ɗakin wasan ni kaɗai na sani, sai Ožbej. Allunan laifi na gabana, huɗu masu baƙar lamba, na biyar ja. Da na ɗaga na huɗu, ba mai cewa uffan. Wallahi na so, har yatsuna sun taɓa shi.

Na ɗaga jan.

Alƙali ya busa na ƙarshe, baƙi suka kasa murna, suka tsaya cirko-cirko. Ožbej ya ɗingiso zuwa tebur, gumi na ɗiga kan takardata. Ya daɗe yana kallon allon da har lokacin ban sauke ba.

"Da kin ɗaga ɗayan," ya ce a hankali, "da na yi shiru."

"Na sani," na ce. Abin da ya sa na kasa ɗagawa ke nan.