Akwati Mai Ɗaki Bakwai

Ni nake cika wa matata akwatin maganinta. Ɗan akwatin roba ne mai ɗaki bakwai, kowace rana da murfinta. Duk Asabar in na taso daga shagon gyaran agogo, sai in ɗauko ɗan hantsakin aikina in jera mata ƙwayoyin ciwon damuwa ɗaya bayan ɗaya. Takan tsokane ni, wai ko zuciyarta ma da hantsaki nake riƙewa don kada ta faɗi.

Shekara uku maganin nan yana riƙe da ita. Kafin shi, ta taɓa yin wata biyu ba ta ɗaga labule ba.

Cikinta na wata huɗu Yayata ta turo min wani dogon rubutu a waya, a kan yaran da uwayensu suka sha irin wannan magani da juna biyu. Wai wasu ba sa kallon idon mutum, wai ba sa shiga wasa da 'yan'uwansu. Ta biyo da saƙon murya cewa ita dai ta fita haƙƙina, kada a haifo mata ɗan da za a ajiye kamar gunki. Sau shida na karanta. Akwai "wataƙila" a ciki, akwai "ba a tabbatar ba", amma idona ya tsallake su, ya tsaya a kan wani yaro mai irin hancinta, zaune shi kaɗai a lungun aji.

Asabar ɗin nan, ƙwayar bitamin na zuba a ɗakunan bakwai maimakon maganin. Fara ce ita ma, girmansu ɗaya. Na ce wa kaina so ne.

Jiri ya fara kama ta, muka ɗora wa cikin. Daga baya waƙar da take yi a kicin ta ɗauke. Safar jaririn da take saƙawa ta tsaya a dunduniya, allurar tana soke a jikin safar. Wata rana da la'asar na dawo na tarar da ita tsaye a tagar ɗakinmu da ke saman bene, a buɗe, hannunta biyu a kan ƙarfen tagar. Ta ce tana duba hadari ne. Babu gajimare ko ɗaya a sama.

Ranar awo na raka ta. Likitar, wata dattijuwa mai furfura, ta daɗe tana kallonta. Da na yi tambaya a kaikaice kan illar maganin ga jariri, ta ce binciken da ake yi kan ƙwaƙwalwar yaran bai kai ƙarshe ba, amma uwar da ta nutse a damuwa haɗari ce ga kanta da abin da ke cikinta, kuma ba a yanke maganin nan kai tsaye. Ta ɗauki biro za ta ƙara yawansa, tunda da alama ya daina aiki.

"Kada ki ƙara, likita," matata ta ce, idonta a ƙasa. "Sati biyar ban sha ba. Nawa yana da ɗaci a bayan harshe, wannan ba shi da."

Kullum da safe a gabana take haɗiyewa, har ta ce min an gode.

Likitar ta ajiye biron, ta tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko.

"Na ga maigidana ya zaɓi ɗan ne. Sai na ce bari in kawo masa shi lafiya. Bayan nan kuma..."

Ta shafa cikin.

Likitar ta kira nas, ta ce in jira a waje. Akwatin yana aljihuna, ƙwayoyin suna ƙara a kowane taku. Kafin ƙofar ta rufu, na ji likitar tana tambayar matata a hankali a hawa na nawa na benen muke zaune.