Ƙofar da Mika'ilu Ya Yanke

Mika'ilu mai walda ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. Iyayensa sun ƙare rayuwarsu a gonakin audugar Jazira, shi kuwa ƙarfe ya kama tun yana saurayi. A daminar 2013, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa, wata mota ta ci birki a bakin shagonsa da hantsi. Injiniya Ghada ce, wadda ya taɓa yi wa aiki.

"Usta Mika'ilu, ɗauko tukunyar gas da abin yanka. Yanzun nan."

Suka haye gada zuwa Omdurman, suka nausa yamma har gine-gine suka yi ƙaranci. A can akwai wata madatsa ta ƙasa da aka yi a bakin kwari don ta tare ambaliya. Jan ruwa ya cika ta maƙil, saura kamu biyu ya haura. Ƙofar ƙarfen da ake sakin ruwa ta ci tsatsa, ta ƙi motsi. Shekara tara ba wanda ya taɓa ta. Wani hafsan soja na tsaye da mutanensa, sun jiƙe sharkaf.

"In ba a yanke ta kafin azahar ba, bangon zai fashe ya shafe unguwa huɗu," in ji Ghada.

"To, ruwan ina zai bi, Bashmuhandisa?" in ji Mika'ilu, yana kiran ta da laƙabin babbar injiniya.

Ta shimfiɗa taswira a kan mota, ta ja yatsa bisa wani farin wuri. "Nan. Kwarin fili ne, ba kowa."

Mika'ilu ya hau kan bangon ya leƙa. Can ƙasa, bayan kwanar kwarin, gidajen laka ne jere, sun fi ɗari. Ya gane hasumiyar masallacin, ya gane itacen darbejiya. Unguwar ƙanwarsa Mariyamu ce. Kullum ta titi yake zuwa, bai taɓa sanin a bakin ruwa take ba.

Ghada ta hawo, ta duba, ta rufe baki da hannu. "Wa ya ba su wurin nan?"

"Da takardunsu, har da hatimi. Ni na raka ta karɓo nata."

Hafsan ya dubi agogo. "Minti arba'in. Ba ƙari."

Sai a kira na uku Mariyamu ta ɗauka. "Yaya, lafiya? Ina kan kasko, ina toya fanken kisra."

"Bar shi! Kwashi yara ku hau tudu. Biya wajen Liman Ishaku, ya faɗa a lasifika kowa ya fita. Kada ki ɗauki komai!"

"Yaya, me ya faru?"

"Ruwa zan sako muku, Mariyamu."

Ba da jimawa ba iska ta kawo muryar liman. Mutane suka fara ɓullowa, wasu da katifa a ka, wasu na jan awaki. Da lokaci ya cika, Mika'ilu ya kunna wuta. Sau biyu tana mutuwa. Ya yanke sakatar farko, ya yanke ta biyu, sojoji suka janye shi da igiyar da suka ɗaura masa. Ƙofar ta yi tsalle, ruwa ya fita da rugugi har ƙasa na girgiza.

Yana tsaye yana kallo gidajen suka riƙa rushewa, ɗaya bayan ɗaya.

Madatsar ba ta fashe ba. Mariyamu da 'ya'yanta sun tsira da tufafin jikinsu, suka koma gidansa. Amma Hajja Sittana, wata tsohuwa kurma da ke can ƙarshen layi, ba ta ji lasifika ba, kowa kuma ya zaci wani ya ɗauko ta. Washegari aka sami gawarta a cikin ƙaya.

Bayan jana'iza, Ghada ta tare shi a bakin maƙabarta, idanunta jawur.

"Usta, akwai wasu madatsu biyar irin wannan. Na duba taswirorinsu jiya. Duk shekara ɗaya aka zana su da tsohuwar taswirar da ta ce kwarin nan fili ne."

Mika'ilu ya ce, "Bari na gaya wa Mariyamu, mu je mu gani da idonmu."